Neman Ilimi Bayan Kama Aiki: Fa'idarsa da Sharuɗɗansa

Akwai wani ra'ayi da ya kafu a zukatan ma'aikatan ƙasar nan, manyansu da ƙananansu, wanda ba a rubuta shi cikin dokar aiki ba amma kusan kowa a kansa yake tafiya, watau cewa rayuwar mutum kashi biyu ce, na farko na karatu, na biyu na cin amfanin karatun, kuma ranar da aka miƙa masa takardar kama aiki ita ce iyakar da ta raba su. Mai wannan ra'ayi, tun da ya rufe littafi ranar jarrabawarsa ta ƙarshe, ba ya sake buɗe shi sai bisa tilas, yana zaune yana jiran shekaru su yi masa abin da himma ya kamata ta yi, domin ya san a aikin gwamnati bayan shekara biyu ko uku ko huɗu, gwargwadon matakin da mutum yake, za a duba batun ƙarin girmansa, ko ya ƙaru da sani ko bai ƙaru ba. To, sai mu yi lissafi. Ƙa'idar aikin gwamnati a Nijeriya ita ce ma'aikaci ya yi ritaya in ya cika shekara 35 yana aiki, ko shekara 60 da haihuwa. Wanda ya yi shekara huɗu a jami'a ya fito ya kama aiki, yana nufin ke nan guzurin shekara huɗun nan ya ishe shi tafiyar shekara 35, alhali kuwa duk wanda ya rayu a ƙasar nan daga samun mulkin kai zuwa yau ya shaida cewa da wuya a yi shekara goma ba tare da wani sauyi ya zo ya rushe rabin abin da ma'abota wata sana'a suka sani ba.

Misalan wannan ba su da wuyar samu. A watan Afrilu na 1972 aka mai da tuƙin mota daga hannun hagu zuwa hannun dama, tsohon direban da ya yi shekara da shekaru yana bin hanyar Kano zuwa Ikko ya wayi gari shi da yaron motarsa duk ɗalibai ne. Ba a cika shekara ba, ranar 1 ga Janairu 1973, aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, akawun baitulmali wanda ya ƙware a lissafin kwabo goma sha biyu sule guda, sule ashirin fam guda, har yana alfahari da cewa ba ya bukatar alƙalami, ya ga gwanintarsa ta zama labari, domin yanzu ƙaramin yaro ma yana iya raba ɗari gida goma. Bayan haka kwamfuta ta zo ta tashi ɗakunan masu buga tafireta, waɗanda a da ba takardar da ke fita daga ofis sai ta bi ta hannunsu. Daga cikinsu wanda ya yarda ya zauna gaban sabuwar na'ura ya zama abin nema, saboda saurin yatsunsa na nan bai tafi ko'ina ba, wanda kuwa ya ce shi ya tsufa da koyon wasan yara, sai aka bar masa kujerarsa da albashinsa, aka ɗauke masa aikin.

Kada a zaci wannan larura ta ma'aikacin ofis ce kaɗai. A leƙa garejin bakanike a Kaduna ko Kano a ga abin da ke faruwa. Tsohon ubangidan gareji, wanda ya tashi a zamanin Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, kunnensa kawai yake sa wa inji ya gaya maka ko kafireta ce ta toshe ko fulogi ne ya ƙone, kuma da wuya ya yi kuskure. Yau an turo masa mota mai injekta, fitila ta kama a gaban direba, inji yana ta sheshsheƙa, ya buɗe gaba ya duba bai ga kafiretar da zai kwance ba. In mai tawali'u ne, sai ya kira wani yaro mai ƙaramar na'ura, a jona ta ƙarƙashin sitiyari, lambobi su fito, a karanta, a gane abin da ya lalace, shi kuma ya tsaya a bayan yaron yana tambaya har ya fahimci yadda ake yi, wata rana ya sayi tasa na'urar. In kuwa girman kai ya rinjaye shi, sai ya shiga canje-canjen kaya bisa zato, a sayo wannan a sayo wancan, har mai mota ya gaji ya janye motarsa zuwa wani wuri, kuma ba zai dawo ba.

Amma misalin da ya fi kowanne bayyana wannan mas'ala, a ganina, shi ne abin da ya sami alƙalan Jihar Arewa gab da samun mulkin kai. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato wani kwamiti na masana shari'a, a ƙarƙashin Babban Jojin ƙasar Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da wani alƙali daga Pakistan da Farfesa Anderson na Jami'ar Landan da waɗansu manyan Arewa, domin su duba tsarin shari'ar laifuffuka. Bisa shawararsu aka tsara sabon kundin hukunta laifuffuka a 1959, wanda aka ɗauko tsarinsa daga na Sudan, ya fara aiki a 1960. Sai a dubi halin da alƙalin gunduma ya sami kansa a ciki: dattijo ne wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a gaban malamai, ya karanci Risala da Muhtasar da Tuhfa, ya san hukuncin shaida da rantsuwa da iƙirari, mutanen ƙasarsa suna miƙewa in ya iso, ga shi yanzu an ce hukuncin ɓarawo da mai kisan kai sai an nemo shi a sashe kaza na wani littafi mai lambobi wanda bai taɓa gani ba. Hanyar da aka bi ita ce aka fassara kundin, aka shirya kwasa-kwasai a Makarantar Koyon Sha'anin Mulki ta Kongo a Zariya, wadda ta fara a matsayin makarantar horar da akawuna kafin a ɗaukaka ta a 1954, aka riƙa kiran alƙalai da muhutai da magatakardan kotu rukuni-rukuni, suna zama a kan benci da rawunansu, waɗanda suka haifa suna koya musu. An yi jayayya mai zafi a kan kundin kansa, kuma jayayyar ba ta mutu ba har yau, ba kuwa ita nake son shiga ba. Abin lura shi ne waɗanda suka haƙura suka koyi sabon tsarin, ba tare da sun zubar da tsohon iliminsu ba, su ne suka zama ginshiƙan kotunan Arewa a shekarun da suka biyo baya, domin sun riƙe makullai biyu a lokacin da mafi yawan mutane ke riƙe da ɗaya.

Manyan mutanen wancan zamani ma, in aka bi tarihinsu, za a ga kusan babu wanda karatunsa ya tsaya inda makaranta ta ajiye shi. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama Kwalejin Katsina a 1933, ya yi fiye da shekara goma yana koyarwa a Midil ta Bauchi har ya zama shugabanta, sa'an nan a 1945, yana magidanci mai iyali, ya tafi Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan. Malam Aminu Kano ya bi sahunsa a 1946, kuma daga can ya dawo da tunanin kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa. Malam Abubakar Gumi, bayan ya yi karatu a Makarantar Shari'a ta Kano ya kuma taɓa aiki da koyarwa, ya tafi Bahtar Ruda a ƙasar Sudan a 1954 ya ƙaro ilimi, a 1962 ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa. Bayan waɗannan sanannu akwai ɗimbin akawuna da malaman firamare waɗanda ba a rubuta sunayensu ba, da suka riƙa aika kuɗinsu Ingila ana aiko musu da darussa ta gidan waya, suna karatu da fitilar kananzir bayan sun taso daga aiki, har suka ci jarrabawar da ta buɗe musu ƙofar manyan muƙamai a lokacin da ake neman 'yan Arewa su maye gurbin Turawa.

Abin mamaki a nan shi ne Bahaushe ba baƙo ba ne ga karatun da ba ya yankewa. Bal ma da wuya a sami al'ummar da ta fi shi tsara shi. Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ko Zariya ko Katsina ko Sakkwato ya san makarantar zaure. Da an idar da sallar asuba sai malam ya zauna a kan buzunsa, ɗalibai su kewaye shi, kowa da littafinsa cikin gafaka: ga tela, ga mahauci, ga ɗan kasuwar Kurmi, ga ma'aikacin asibiti da zai wuce wurin aiki da ƙarfe takwas, waɗansu gemunsu ya yi fari fat. Wanda layi ya zo kansa ya matso, ya ja baƙi, malam yana fassarawa yana warware abin da ya shige duhu, ɗalibi yana amsawa da na'am, har a kai inda malam zai ce a tsaya nan. Ya ja baya ya ba na gaba wuri, amma sau da yawa ba ya tashi, sai ya zauna ya saurari karatun waɗanda suka fi shi nisa. Daga Ahalari a shiga Ishmawi, a wuce Iziyya, a kai Risala, mai rabo ya kai Muhtasar, a gefe guda ana taɓa nahawu da luga da tafsiri. Ba rajista, ba ranar yaye ɗalibai, ba wanda ke jin kunyar shekarunsa, kuma malamin da ke ba da karatu da safe, da la'asar za ka same shi durƙushe a zauren wani malamin yana ɗaukar nasa. Tsohuwar sunna ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi tafiya har Agadas domin ya zauna gaban Malam Jibrilu ɗan Umaru, ƙanensa Abdullahi na Gwandu ya wallafa littafi sukutum a kan malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu, 'yar Shehu Nana Asma'u kuwa ta kafa tsarin jaji da 'yan taru domin ilimi ya iske matan aure da tsofaffi har cikin ƙauyukansu.

To, me ya sa mutumin da ke yin muraja'ar Risala yana ɗan shekara sittin, ba tare da kowa ya tilasta masa ba, yake ganin abin kunya ne ya sake buɗe littafin sana'ar da yake ci da ita? Ina tsammani dalilin shi ne ilimin zamani ya shigo mana ne a matsayin tikitin samun aiki, ba mu taɓa ɗaukarsa ibada ko amana ba, kuma tikiti in an shiga jirgi ba shi da sauran amfani. Wannan rabuwa kuwa ba ta da asali a wurin malaman fiƙihu, domin sun kasa ilimi zuwa farilla ta aini da farilla ta kifaya, suka lissafa likitanci da lissafi da sana'o'in da zaman jama'a ba ya daidaita sai da su cikin kashi na biyu, wanda in kowa ya bar shi, kowa ya yi laifi. Wanda kuma ya karɓi ijara a kan wani aiki, ya hau kansa ya san aikin gwargwadon yadda ake yinsa a zamaninsa. A wajen 2005 Nijeriya ta bar kulorokwin a matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro, saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa, ta koma ga haɗin magunguna masu atemisinin. Malamin asibitin da ya yi karatu kafin wannan lokaci, bai kuma bibiyi abin da ya sauya ba, ya ci gaba da rubuta wa yara abin da aka koya masa da kyakkyawar niyya, shin gafalarsa ta tsaya a kansa ne? Saboda irin wannan ne hukumar da ke kula da aikin likitoci ta sharɗanta musu halartar darussan ƙarin sani kafin a sabunta musu lasisi, haka ma ƙungiyoyin akantoci suke yi wa membobinsu. Ilimin sana'a rijiya ne, in an daɗe ba a yashe ta ba ƙasa takan cike ta a hankali, mai ita bai ankara ba sai ranar da ya zura guga ya ji ta a kan yashi.

Sai dai fa akwai wata illa da ta shiga cikin wannan al'amari har ta kusa ɓata shi, ita ce ɗaukar tara takardu a matsayin neman ilimi. Tun da tsarin aiki ya ɗaura ƙarin girma a kan takardar shaida, sai aka sami masu neman takardar ta kowace hanya: a yi rajistar karatun ƙarshen mako, a bayyana ranar jarrabawa kaɗai, a ba wani ya rubuta kundin bincike, a kawo satifiket a sa a fayil. Haka tarurrukan bita, waɗanda asalinsu alheri ne, da yawansu sun koma wurin sa hannu a karɓi alawus da jaka, har ma akan zaɓi masu zuwa bisa kusanci da maigida, wanda aikin ya shafa yana ofis bai ma ji labari ba. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa a kan darussan aji huɗu, ta ba da sanarwar cewa 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 da aka gindaya ba, ta sallame su. Ƙungiyar malamai ta yi jayayya a kan yadda aka gudanar da jarrabawar da kuma hurumin masu yin ta, kuma a cikin hujjojinta akwai abin dubawa. Amma ko yaya aka auna lamarin, abu biyu sun fito fili. Na farko, takardar da ke cikin fayil shaida ce a kan ranar da aka bayar da ita, ba ta iya yin rantsuwa a kan yau. Na biyu, wanda ba a cika faɗa ba, hukumar da ta ɗauki mutum ta ajiye shi a ƙauye shekara goma sha biyar, ba littafi, ba kwas, ba mai duba aikinsa, albashi ma sai an ga dama, tana da nata kason na alhakin abin da ya zama.

Wani zai ce, kuma ba ƙarya ya yi ba, ina fa'idar wahalar da kai da karatu a wurin da ƙarin girma yake bin sanayya da ɗaurin gindi, inda ake tsallake gwani a ɗora wanda ya iya gaisuwa? Jawabin da zan bayar ba zai gamsar da kowa ba. Lalle ilimi ba ya lamunce wa mutum kujera. Abin da yake lamuncewa shi ne kada rayuwar mutum ta zama a hannun ma'aikata guda. Masaƙun Kaduna, waɗanda aka buɗe ta farkonsu a 1957, sun ɗauki dubban mutane aiki, kuma ma'aikacin masaƙa a lokacin yana ganin ya sami wurin zama har tsufa. Da suka durƙushe a farkon shekarun 2000, sai aka ga bambanci tsakanin wanda bai san kome ba sai injin da aka tsayar da shi a gabansa shekara ashirin, da wanda ya yi amfani da zamansa ya koyi gyaran lantarki ko walda ko lissafin kaya. Dukansu sun sha wuya, amma na biyun ya fita da abin da ba a rufe shi tare da ƙofar masaƙa ba. Kuma ko a ofishin da son kai ya yi katutu, ranar da aiki ya cije, aka rasa mai rubuta takardar da za a kai gaban gwamna ko mai warware lissafin da masu binciken kuɗi suka tsaya a kai, kowa ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa.

Hanyoyin kuwa ba a rasa su ba, ko da yake ba su wadata ba. Tun zamanin Yaƙi da Jahilci, a shekarun 1950, lokacin da Malam Ahmadu Kumasi da abokan aikinsa suka baza azuzuwan manya a garuruwa da ƙauyuka, hukumar NORLA a Zariya tana buga musu ƙananan littattafai da jaridun larduna, aka gane cewa gemu ba ya hana ilimi. A 1976, shekarar da aka fara shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna domin malamin da ke cikin aji ya ƙaro karatu ba tare da ya bar ajinsa ba. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa an kafa ta a 1983, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, ba a farfaɗo da ita ba sai a farkon shekarun 2000, watau an yi asarar kusan shekara ashirin waɗanda Allah kaɗai ya san yawan ma'aikatan da suka yi ritaya a cikinsu da burin karatu a zuci. Mata su suka fi kowa bukatar irin waɗannan ƙofofi, domin aure da haihuwa sukan yanke musu karatu a tsakiya, kuma malamar asibiti ko ta makaranta mai 'ya'ya biyar ba ta da halin barin gida ta tare a wata jami'a shekara uku. Yau kuma wayar hannu ta kawo darasi har cikin ɗaki, tela yana kallon yadda ake yanka sabon ɗinki, mai gyaran waya yana bin hoton allon na'urar da bai taɓa buɗe irinta ba. Illa dai mafi yawan wannan ilimi da Turanci yake, kuɗin data da rashin wutar lantarki kuma suna tauye shi, ga shi babu malamin da zai ce wa ɗalibi nan ka yi kuskure, wanda shi ne babban abin da makarantar zaure ta fi intanet da shi.

Amma cikas mafi girma, in za a faɗi gaskiya, ba kuɗi ba ne, ba kuma ƙarancin lokaci ba, domin wanda ke samun sa'a biyu kullum a majalisar ƙofar gida ba zai ce bai da rabin sa'a ba. Cikas ɗin shi ne nauyin da babba ke ji ya ce wa ƙarami ban sani ba, koya mini. A al'adarmu girma da sani tare suke tafiya, har ya zama darakta yana ganin mutuncinsa zai zube in masinja ya gan shi yana tambayar ɗan bautar ƙasa yadda ake aika takarda ta kwamfuta, sai ya gwammace ya ba yaron lambobin sirrinsa ya riƙa yi masa, ta haka kuwa ikon ofis yakan koma hannun wanda bai ɗauki rantsuwar riƙe shi ba, maigida yana sa hannu a kan abin da ba zai iya tantancewa ba. Da yawa daga cikin ɓarnar da ake ganowa a ma'aikatu bayan an mai da biyan albashi da kwangila ta na'ura, ta wannan kafa take shiga, kuma ranar da masu bincike suka zo, sunan da ke kan takarda shi suke kira, ba su tambayar wanda ya danna madannin.